Duwatsu Huɗu a Bayan Dala

Ni na riƙe masa sanda tun kafin kowa ya kira shi Sanata. A lokacin safiyo ne, mai awon ƙasa, siriri, ga taurin kai. Ya zo ƙauyenmu da ke wajen Konduga zai auna hanya, yana neman mutum mai ƙarfi wanda ba ya yawan magana. Bulama, mai garinmu, ya nuna ni. Ina da mata da ɗa ɗaya a lokacin. Ban yi boko ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Aikin ba wuya sai rana. Shi zai kafa madubinsa mai ƙafa uku, ya sa ido. Ni in yi nisa da sanda mai ja da fari, in tsayar da ita inda ya ce. Daga nan sai ihu.

"Mai sanda, hagu! Hagunka na ce, ba hagun kakanka ba!"

In ya gamsu, sai mu haƙa rami mu binne dutsen siminti a wurin, kansa kawai a waje. Ni nake kwaɓa simintin, ni nake zuba shi a gwangwani ya bushe. Mun binne duwatsu a yashi, mun binne a baƙar ƙasa mai tsagewa da rani. Wani lokaci a koma bayan shekaru, yashi ya rufe dutsen. Sai mu nemo shi da siririn ƙarfe, muna soka ƙasa a hankali. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta riƙe ƙarfe kamar wadda ba a taɓa ba. Hannu yana ji.

Yana da halinsa da sauran ma'aikata ke dariya. Duk garin da muka shiga, kafin ya kafa ko turke ɗaya, sai ya tambayi inda ake binne mutane. Bayan ya gama da dattawa kuma, sai ya wuce rijiya ya tsaya daga nesa yana tambayar mata. Ya ce maza suna faɗa masa inda suke so iyaka ta kasance, mata kuwa inda ake bi kullum suke faɗa. Kuma ba ya yarda a yi alama da bishiya. In wani ya ce gonarsa ta tsaya a gindin tsamiya, sai ya ce, "In aka sare tsamiyar gobe fa?"

Mutanen ƙauyukan da ya auna su suka tura shi siyasa. Sun ga ya karkatar da hanya don kada ta ci rijiya, suka ce irin wannan ake so a majalisa. Ya shiga majalisar jiha, daga baya ya tafi majalisar dattawa a Abuja. Ni na koma gonata. Abin da ya yi a can ban gani ba. Wasu suka ce shi ya kawo kwalta da famfuna, wasu suka ce kujera kawai ya ɗumama. Sau ɗaya ya wuce ta kasuwarmu cikin jerin motoci, ya hango ni, ya sauke gilashi ya yi ihu, "Mai sanda!" Na ɗaga hannu. Motar ba ta tsaya ba, ban kuma ji haushi ba. Kafin fitina ta fara ya riga ya faɗi zaɓe, ya dawo gidansa a unguwar Umarari cikin Maiduguri ya zauna.

Da mutanen daji suka shigo ƙauyenmu, muka fito da ƙafa, ni da matata. Ɗana bai fito ba. Ba zan yi maganarsa a nan ba.

A Maiduguri muka sauka a wani fili a bayan unguwar Dala. Filin na wani Alhaji ne, ɗan asalin Kano, mai sayar da hatsi. Ya ce mu zauna har Allah ya kawo sauƙi. Muka kafa bukkoki da zana da tamfol. Wasu masu taimako suka haƙa famfo a tsakiya, suka zuba masa daɓen siminti. Matata ta sayi randa ɗaya, ita ce dukiyarmu. Tana son ruwa mai sanyi.

Da damina amai da gudawa suka shigo. Ta kwanta da yamma, washegari kafin azahar ta rasu. A makon nan an rufe hanyoyi saboda wani abu ya tashi a cikin gari, ba mai wucewa da gawa zuwa maƙabarta. Aka aika wa Alhaji, ya ce a binne a gefen filinsa, ƙasar Allah ce. Akwai aduwa guda a wurin. A gindinta muka haƙa. Ba itacen da za a rufe ramin ciki da shi, sai na fasa randarta muka jera gutsattsarin. Bayanta wasu suka biyo, yawanci yara. Wasu iyayen ma tukwanensu suka fasa.

Bayan damina aka kwashe mu zuwa sansani a wancan gefen gari. A can fita sai da izini. Na daɗe ban zo ba. Da na samu gadi a wani gidan bulo na bar sansanin, ranar hutuna na farko na nufi Dala.

Babu aduwa. Ba na zargin kowa. Daji ya hanu, wanda ya fita neman itace ba lallai ya dawo ba, kuma dole a dafa abinci. An sare ta, an tone kututturen an yi gawayi. Shanun Shuwa da su ma suka gudo sun yi zama a wurin. Ruwan sama ya gama sauran. Fili ya zama shimfiɗa ɗaya, ba bukka, ba tudu, sai daɓen famfo da bututun da ya daina ba da ruwa. Nakan tsaya inda nake zato, in yi addu'a, in tafi. Allah ya san inda take. Haka na yi ta yi, ban damu ba.

Sai Alhaji ya rasu. Magada suka zauna za a raba gado, za a yanka filin fuloti-fuloti a sayar. Gari ya cika da mutane, kowa na neman wurin gini. Na ji labari a bakin masu sayen bulo. A nan ne barci ya ƙi ni. Mutum zai zo ya haƙa tushen gida, ko masai, a kanta.

Na je wurin babban ɗan Alhaji a shagonsa. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera.

"Baba, na ji maganar nan daga bakin marigayi," in ji shi. "Ba zan gina a kan Musulmi ba. Amma filin ba nawa ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena, akwai marayu. Ba zan ce musu a bar rabin fili saboda wani ya ce a nan ne ko a can ba. Nuna min wurin, in cire shi."

Muka je tare. Na yi gaba, na dawo baya. Na tsaya nan, na tsaya can. Yana kallona. Daga ƙarshe ya ce mai awo zai zo ya kafa turaku a ƙarshen wata, in na samu wurin kafin nan, to.

Shi ya sa na tafi Umarari, wurin Safiyo. Masu hali da yawa sun kwashe iyalansu sun bar gari a shekarun nan, shi bai tafi ba. Bencinan ƙofar gidansa, inda da mutane ke cika, akuya ce kwance a kai. Na same shi a tabarma a zaure, ƙafa ɗaya a kumbure, ciwon suga ya cinye shi. Na yi sallama, na gaishe shi da Kanuri, "Wushe, Safiyo."

Ya daɗe yana kallona.

"Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai kira ni haka. Mai sanda, ashe ba ka mutu ba?"

"Ban mutu ba."

"Ka yi muni."

"Kai ma."

Ya yi dariya har da tari. Aka kawo shayi. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban ja ba. Na ce ya buga waya ga manya, a hana yanka filin.

"Waya? Wa ke ɗaga wayar tsohon sanata? Ko matata sai na kira sau biyu." Ya kurɓi shayi. "Kuma yaron nan bai yi laifi ba. Ya ce a nuna masa. Da me ka yi alama?"

"Aduwa."

"Aduwa," ya maimaita. Ya girgiza kai. Ya san ranar da muka binne ta ba ranar neman dutse ba ce.

Ya sa aka buɗe wani ɗaki a bayan gida. Sandunan suna nan, jan ya koɗe, farin ya yi ƙasa-ƙasa. Siririn ƙarfen ma yana nan. Madubin kuwa ya ce a bar shi, idonsa ba ya iya shiga ciki yanzu.

Da safe muka hau keke napep, don motarsa ta daɗe a kan duwatsu. Sandunan sun fito ta gefe, a shingen sojoji sai da aka sauke mu aka duba su. Wani soja ya tambaya ko na mene ne. Safiyo ya ce na kora akuya ne. Sojan ya gane shi, ya sara masa, ya ce mu wuce.

A filin ɗan Alhaji yana jira, da liman na unguwar, da wasu maza da muka zauna tare a da, waɗanda na nemo. Kowa ya fara nuni. Wannan ya ce aduwar tana nan, wancan ya ce a'a, can gaba. Har biyu suka fara musu da Kanuri. Safiyo ya zauna a kan daɓen famfo ya bar su suka gaji. Sannan ya kira ni.

"Manta da bishiyar. Da aka gama mayar da ƙasa, ka tsuguna, ko ba haka ba?"

"Na tsuguna."

"Da ka ɗago kai, me ka gani? Ba kusa ba. Can nesa."

Ban taɓa son komawa ranar nan ba. Amma na koma. Mutane suna shafa addu'a, ni idona yana kan tankin ruwa na wata makaranta, baƙi, a kan ƙafafun ƙarfe. Bayansa akwai dogon ƙarfen kamfanin waya. Tankin ya rufe gindinsa, sai ƙarfen ya zama kamar daga cikin tankin ya tsiro. Na tuna don na daɗe ina kallonsa, ba na son kallon ƙasa.

Na faɗa masa. Ya ce, "To, tafi ka sa shi ya sake tsirowa."

Tankin yana nan, ƙarfen yana nan. Daga inda nake tsaye suna nesa da juna. Na yi ta matsawa gefe, suna matsowa, har ƙarfen ya shige bayan tankin. Na kafa sanda. Ya sa na ja da baya sosai, ina riƙe su a haɗe, na kafa ta biyu.

"Tana kan layin nan," ya ce wa ɗan Alhaji. "Amma layin dogo ne, ya ratsa filinku gaba ɗaya. Ina buƙatar wani ya gitta shi." Ya dubi mazan. "Ina matan da suka zauna a nan?"

Liman ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ai mata ba sa zuwa binnewa."

"Na sani, Malam. Amma ba a ɗaure musu ido. In an ɗauki gawa, ina suke tsayawa?"

Ba wanda ya taɓa tunanin wannan, har ni. Wani ya ce a famfo suke taruwa, don daga nan ana hango gefen fili. Ya ce akwai wata tsohuwa da ta binne jikoki biyu a wurin, yanzu tana soya gyaɗa a bakin titi a cikin Dala. Aka je aka ɗauko ta a keke.

Ta sauko tana ɗingishi, ta tsaya a gabansa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne sanatan?"

"Ni ne, Kaka. Tsohon."

"Na bi layi a rana na dangwala maka. Ban ga komai ba."

"To ga ni yau, na kawo kaina."

"Ka kawo kanka da ƙafa ɗaya. Ɗayar a Abuja ka baro ta?"

Mutane suka yi dariya, shi ya fi kowa. Ya ce ta hau daɓen ta tsaya inda take tsayawa in tana tarar ruwa. Ba ta yi neme-neme ba. Ta tsaya a gefen bututun, ta juya, ta miƙa hannu.

"Ga giginyar can, mai karkataccen wuya. A ƙarƙashinta nake ganinsu. Ba a gindinta ba, tana can nesa a gonar mutane. Amma daga nan in na duba, suna daidai ƙasanta. Kullum na ajiye bokiti can nake kallo har ya cika. Wani lokaci ya cika ya zube, yaran nan su yi ta zagina."

Aka taimaka wa Safiyo ya miƙe. Ya tsaya a bayanta, ya rufe ido ɗaya, ya bi hannunta da kallo. Ya ce in ɗauki sanda ta uku in bi layina a hankali, kada in bar tankin da ƙarfen su rabu. Na fara tafiya. Rana ta ɗaga.

"Ci gaba! Ci gaba! Tsaya! Ka wuce, dawo. Dawo na ce, Mai sanda, tsufa ya toshe maka kunne? Kaɗan. Kaka, haka ne?"

"Ya ƙara kaɗan."

"Ka ji ta. To, nan. Kafa."

Na kafa. Wurin ba inda nake zuwa addu'a ba ne. Yana can gaba da shi sosai, kusa da inda wani ya riga ya sauke yashin gini. Ba komai a wurin sai ƙasa da busasshen kashin shanu.

Ɗan Alhaji ya zo ya duba ƙasan, ya dube mu. Bai ce bai yarda ba, amma na ga fuskarsa. Zai koma ya faɗa wa ƙannensa cewa wata tsohuwa ta nuna giginya.

Safiyo ya ce a kawo siririn ƙarfen. Liman ya ce bai kamata a soki kabari ba. Safiyo ya ce ba za a kai ga kowa ba, saman kawai za a taɓa, kuma in ba a taɓa yau da ƙarfe ba, gobe da diga za a taɓa. Liman ya ce to, a yi bisimilla, a yi a hankali.

Ni na riƙe ƙarfen. Na fara daga nesa da sandar, inda na san ba kowa. Ƙasa ta riƙe, da ƙyar ya shiga. Na matsa, ta riƙe. Na ƙara matsawa, ta riƙe. Kusa da sandar, ta gefen gabas, ƙarfen ya tafi da kansa kamar a cikin garin tuwo. Na rage ƙarfi. Ya yi ta sauka, sai ya taɓa wani abu ya tsaya. Ba dutse ba ne. Na san ƙarar dutse. Wannan ƙarar fasasshiyar tukunya ce.

Na zare ƙarfen, na kira ɗan Alhaji. Na ce ya fara soka can inda na fara, sannan ya zo ya soka nan. Ya yi. Da ƙarfen ya taɓa, ya janye hannunsa da sauri, ya ce, "Inna lillahi." Ya tsuguna. Liman ya tsuguna, kowa ya tsuguna. Kaka tana kan daɓen famfo, ba ta matso ba. Daga can ta ɗaga hannuwanta.

Safiyo ya tambaye ni a hankali, "Ita ce?"

Na ce ban sani ba. Wataƙila randarta ce, wataƙila tukunyar wani yaro ce da aka sa a gefenta. Ba zan tona in gani ba. Tana nan cikinsu.

Muka bi gefe-gefe da ƙarfen, ba mu ƙara zurfafawa ba, har muka gane inda ƙasa mai laushi ta ƙare ta kowane ɓangare. Wurin bai kai yadda nake zato ba. Yara ba sa cin ƙasa da yawa. Ɗan Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, auna yadda ya kamata, ni zan yi wa ƙannena bayani." Safiyo ya ƙara faɗi ta ko'ina saboda wanda ƙarfe bai ji ba, ya kuma bar siririyar hanya daga titi, don kada a kewaye wurin da gidaje a rasa mashiga. Muka kafa turaku huɗu. A lokacin ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, sai da mutum biyu suka kai shi keke.

Na roƙi siminti kaɗan a gidan bulon da nake gadi, aka ba ni. Na zuba duwatsu huɗu a gwangwani kamar da. Ranar da mai awon magada ya zo, da na'urarsa da ake riƙewa a hannu, ya ga turakun, aka faɗa masa wanda ya kafa su. Ya ce a makaranta ya ji sunansa. Ya sa wurin a taswirarsa, ya taya ni haƙa ramukan. Na binne duwatsun da zurfi, na danna ƙasa da ƙafa.

Safiyo bai zo ba ranar, yana kwance. Na je na faɗa masa an gama. Ya tambaya ko duwatsun sun miƙe. Na ce sun miƙe.

"Ƙarya kake, ba ka taɓa binne dutse a miƙe ba."

"Tashi ka je ka duba."

Bai tashi ba. Ya ce in bar sanda ɗaya a wurina, sauran in mayar ɗaki.

Yanzu gidaje sun kewaye wurin. Akwai mai injin niƙa a gefe ɗaya, mai cajin waya a ɗayan. Ranar Juma'a bayan masallaci nakan bi siririyar hanyar in shiga. Wani lokaci in tarar da gyaɗa a ƙulle a leda a kan daɓen famfo, in san Kaka ta zo ta tafi, ta bar min. Na dasa darbejiya a ciki saboda inuwa, ina kawo mata ruwa a jarka. In na gama addu'a sai in zagaya in share yashi daga kan duwatsun, ɗaya bayan ɗaya, sannan in koma bakin aiki.